Amanar da Kawu Likita Ya Bari a Firiza

Ranar da muka kawo gawar Kawu Likita gida Tambuwal ban yi kuka a mota ba. Sai da na shiga tsakar gida na ga Inna, ƙanwarsa, wadda ta haife ni, zaune a ƙasa ba tabarma, tana ta gyara ɗankwalin da bai kwance ba, sannan kukan ya ƙwace mini. Mai shi ya karɓi abinsa, wannan duk mun sani, kuma mun faɗa da bakinmu. Amma mutuwar nan ta yi mini zafi ƙwarai, har yau kuma ba ta daina ba.

Masu ta'aziyya iri biyu suka cika mana gida. Akwai mutanen jami'a da suka zo daga birni cikin motoci, suka zauna a kujeru suna yabon Farfesa da Turanci, har da waɗanda na sani sarai ba sa gaisawa da shi yana raye. Akwai kuma mutanen ƙauye, daga Kebbe da Fakku da Dogon Daji, waɗanda ba wanda ya aika musu. Wasu a bayan akori-kura suka zo, wasu a keke, wata tsohuwa da ƙullin gero a ka. Su ba su san Farfesa ba, Likita suka sani. Yayansa, wanda muke kira Kawu Malam, shi ya yi masa salla. Ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe, har mata suka fara ƙus-ƙus cewa ai dama ba sa ga-maciji.

Tsohuwar mai gero ce ta riƙo hannuna a bakin ɗakin Inna. Mutumiyar Fakku ce.

“Ke ta ɗiyatai da ka aiki tare da shi?”

Na ce ni ce.

“To maigidana na wurinku. An daɗe da rufe shi, amma Likita yac ce akwai ɗan abin da anka ciro cikin kainai, shina ajiye. Yac ce in kun gama, shi ka maido shi da hannunai. Yanzu wa ka maido shi?”

Na ce ta yi haƙuri. Da la'asar kuma shugaban tsangayarmu ya kira ni gefe. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya ce kuɗi sun ƙare, babu mai girman da zai gaji Farfesa, kuma wani sashe ya daɗe yana neman ɗakin bincikensa. Za a jira a yi arba'in. Bayan nan, in ba a samu wanda zai tsaya ba, za a kashe firiza.

Saboda wannan firiza nake rubutun nan, kuma ba za a gane ta ba sai an gane mutumin da ya kawo ta.

Kawu ya dawo daga karatu a ƙasar waje a shekarun da aka ba mu jiharmu, lokacin da kuɗin mai ke zuba. Duk wanda ya dawo da takarda a lokacin sai ya zaɓi abin da yake so, gida a unguwar manya ko doguwar mota. Shi da aka tambaye shi sai ya ce ɗaki yake so mai rufin da ba ya yoyo, da firiza mai tsananin sanyi, da janareto, da madubin duba ƙwayoyin jiki. Inna ta ce, “Yaya, mutane na biɗar mota kai kana biɗar akwatin ƙanƙara?” Ya yi dariya ya ce motar ma za ta zo. Ta zo kuwa, wata tsohuwar fijo ce da sai an tura ta da safe.

Ciwon dajin ƙwaƙwalwa ya sa a gaba. A garuruwanmu, mutum in ya fara ciwon kai mai tsanani, ya fara faɗuwa, ido ya dushe, hali ya sauya, sai a ce iska ce ko sammu. Haka aka ce da Kaka, mahaifiyarsu, tun Kawu yana ɗan makaranta. Sai da ya yi nisa a karatu ya gane cewa ƙari ne ya tsiro mata a ka. Bai cika maganar ba. Abin da yake so ya sani ɗaya ne: me ya sa wani ƙarin in an cire shi sai ya yi shiru shekaru, wani kuma kafin damina ta zagayo ya dawo ya kashe mai shi? Don a amsa wannan, dole a ajiye ɗan yanki daga abin da likitocin tiyata suka ciro, a yanka shi siriri a duba, a raini ƙwayoyinsa a gilashi, a gwada da na wasu. Saura kuma a sa a firiza don tambayar da ba a riga an iya yi ba.

Ni ya ɗauke ni tun ina sakandare ya ce da Inna wannan tasa ce, don bakina ya yi yawa, gara a ba shi aiki. Da na gama digiri na shiga ɗakin bincikensa ina taƙama da cewa kawuna ne shugaba. A makon farko ya sa ni wanke kwalabe. Da na yi ƙorafi ya ce, “A gida ni na Kawu. Nan kuwa sai kin wanke kwalba ta fita tas sannan mu san juna.”

Ba ya yarda a ajiye naman kowa sai ya je da kansa ya roƙa. Ba ya aika ɗalibi, ba ya barin a miƙa wa mutum takarda a ce ya dangwala. Zai cire farar rigarsa ya zauna a ƙasa tare da dangin mara lafiya a barandar asibiti, ya yi musu bayani da Hausar gida har sai sun gane. Ba ya ce musu abin zai warkar da nasu. Yakan ce, “Wanga ba shi taimakon naku, sai dai masu zuwa nan gaba.” Sannan ya yi musu alkawarin da ya zama dokar ɗakinmu: ba za a jefar ba, ba za a ƙona ba, in an gama bincike zai mayar da abin da ya rage a rufe shi a ƙasar garinsu. Da yawa ba sa amsawa nan take, sai su ce za su je gida su yi shawara. Ya ce su je. Ni har haushi nake ji, don ina ganin ɓata lokaci ne, amma yawanci sukan dawo su ce sun yarda.

Kowane yanki yana da lamba, kamar yadda aiki ya tanada. Amma a bakin Kawu ba lamba. Sai dai ka ji, “A fito mini da mutumin Fakku,” ko “Yarinyar Dogon Daji ta yi girma a gilashi kuwa?” Ba ya faɗin suna, don sirrin mutane ne, garin kawai yake kira. Wata rana ina sauri na ce da abokin aikina ya miƙo mini lamba kaza. Kawu yana bayana ban sani ba. Ya ce, “Lamba ta haifi wa? Wagga mata ɗiya ukku tab bari.” Tun daga ranar ban sake ba.

Yana da taron mako, kowa ya kawo abin da ya gani. Dokarsa ita ce mafi ƙanƙanta shi zai fara magana, shi kuma sai a ƙarshe, don ya ce in ya fara buɗe baki kowa sai ya ga abin da shi ya gani. Wanda ya ce “ban sani ba” ba ya shan faɗa. Wanda ya ce “ina jin” shi ke shiga uku, sai Kawu ya cire tabarau ya ce, “Da kunne kaj ji ko da ido kag gani?” Yana da rowar yabo, wannan ba zan rufe masa ba don ya mutu. In ka yi aikin kirki, iyakarta ya ce “to” ya wuce. Mun yi shekaru muna farautar wannan “to” ɗin.

A kan haka muka yi rigimarmu mafi girma. Na ga wata alama a ƙwayoyin waɗanda ƙarinsu ke saurin dawowa, wadda babu ita a na sauran. Na tabbata na gano abu. Na rubuta, na kai masa, ina jiran ya miƙe tsaye. Ya karanta ya ce in sake gwajin, amma a rufe mini sunayen garuruwan don kada in san wanda nake dubawa. Na sake, alamar ta fito a wasu, ta ɓace a wasu. Ya ce in sake. Na ce masa a ƙasar waje da tuni an buga, ya ce to in tafi ƙasar wajen. Na yi fushi na daina gaishe shi sai gaisuwar dole. Da na kai ƙara wurin Inna, ta ce ita ba ta shiga faɗan masu akwatin ƙanƙara. Bayan kwanaki ya same ni ina duba madubi, ya ajiye mini ƙullin tsire a gefe, abin da shi kansa ya hana a shigo da shi ɗakin, ya ce in fita waje in ci. A wajen ya ce, “Abin da kig gani wataƙila gaskiya na. Amma in munka faɗa ba mu tabbata ba, wani likita shi ka yanke wa wani hukunci da maganarmu.” Har ya rasu muna kan wannan gwajin, ba mu kai ƙarshensa ba.

Rigimarsa da Kawu Malam kuwa ta girme ni a aikin. Malam mutum ne mai karatu, almajiransa har daga Kebbe suke zuwa ɗaukar fiƙihu, kuma ba ya tauna magana. Da ya ji abin da ƙaninsa ke ajiyewa, ya kira shi zaure ya ce ɗan Adam abin girmamawa ne da ransa da gawarsa, abin da ya fita daga jikinsa ƙasa ke da shi, ba akwati ba. Kawu Likita ya ce ilimin da zai ceci rai shi ma girmamawa ne. Murya ta tashi har Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Aka ambaci Kaka, nan fa Kawu Likita ya ɗauki hularsa ya fita. Sun yi kusan shekara ba mai zuwa wurin wani sai ranar salla.

Da lokacin girbi ya yi, aka gama da wasu yankuna na farko, Kawu ya naɗe kowanne a farin ƙyalle, ya sa a mota, ya tsaya a ƙofar zauren yayansa. Ya ce, “Malam, na kawo ma ƙasa abinta. Ban san yadda aka yi ba, kai kas sani.” Malam ya dube shi, sannan ya aika a ɗauko masa takalmi. Tun daga nan abin ya zama al'ada. Duk bayan girbi sai su shiga fijo su biyu, wani lokaci da ni a baya, mu bi garuruwa. A kira dangi, a haƙa ɗan rami a maƙabarta, Malam ya sa da hannunsa ya yi addu'a, Kawu Likita kuma ya gaya wa dangin abin da aka koya, ko da kaɗan ne. A hanya ba sa hira. Kuma duk shekara, in za mu rabu, sai Malam ya ce, “Sauran fa? Yaushe kaka kawo sauran?” Kawu ya ce, “In mun gama.” Malam ya yi tsaki ya shige gida.

A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan na ga abin da ya sa mutanen ƙauye suka cika mana gida. Wani manomi a Kebbe an yi wa ɗansa tiyata, yaron ya miƙe har yana zuwa gona, uban yana shirin sayar da shanunsa ya kai shi wani asibiti mai nisa don a ƙarasa magani. Kawu ya riga ya duba naman, ya san irin mai dawowa ne. Ba aikinsa ba ne ya je, aikin likitan da ya yi tiyata ne, amma ya nemi izininsa ya je. Ya zauna da uban a gindin rumbu ya gaya masa gaskiya a hankali. Ya ce kada ya sayar da shanu, ya bar yaron kusa da uwarsa, maganin rage zafi kuma shi zai riƙa aikowa. Mutumin ya yi kuka, Kawu bai tashi ba sai da ya gama. A mota na ce, “Kawu, da ka bar shi da sa rai.” Ya ce, “Sa rai ga Allah na nan, ban taɓa shi ba. Shanun na ka ci da sauran ɗiyan.”

Sannan kuɗin mai suka janye. Kayan gwaji suka daina zuwa, wuta ta zama sai an ga dama, abokan aikinsa suka fara tafiya ƙasashen Larabawa da Turai ɗaya bayan ɗaya. Shi ma an kira shi, ya ƙi. Mutumin da ba ya iya roƙon ruwan sha ya koyi zaman jira a ƙofar ofisoshi don man janareto. Ya koya mana wanke gilashin da a da ake jefarwa. In ɗalibinsa ya samu hanyar fita, shi ke tsaya masa, ba ya riƙe kowa, sai dai ya ce, “Ka tafi ka koyo, in ka dawo ɗakin na nan.” Kaɗan ne suka dawo. Na ga yadda abin ke cinsa, hawan jini ya kama shi, amma ko sau ɗaya firizar nan ba ta narke ba. Wata safiya ya faɗi a bakin ɗakin janareto, da makulli a hannunsa, bai sake tashi ba.

Bayan sadakar bakwai na zauna na yi tunani. Ni ƙaramar malama ce, ban daɗe da gama digirin ƙarshe ba, mace kuma, a tsangayar da ko maza masu furfura sai sun yi da gaske ake jin su. Na ga ba zan iya riƙe ɗakin ba. Abin da zan iya shi ne in cika rabin alkawarin: kafin a kashe firiza in kwaso kowa da kowa in mayar da su ƙasa, kada su lalace a hannunmu. Na ga wannan ne mutunci. Na kuma san akwai mutum ɗaya da zai yi murna, wanda ya yi shekaru yana tambayar sauran.

Na same shi a zaure da hantsi, ɗalibai sun tashi. Na durƙusa na gaishe shi na ce, “Kawu, na zaka da magana. Sauran da kaka tambaya, ni ka kawo su dut. Ka sa muna rana.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Kun gama da su?”

Na ce, “A'a. Amma za a rufe ɗakin.”

“Ban tambaye ki ɗaki ba. Abin da anka ɗauke su dominai, an same shi?”

Na ce ba a samu ba tukuna, muna tsakiya.

Ya ce, “To ba ni rufe su.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Raina ya ɓaci, bakin nan nawa kuma ya motsa. Na ce, “Kawu, kai fa kac ce ƙasa ad da su. Shekara nawa kana faɗa da shi a kan haka?”

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce, “Ke kin san inda mutanen nan ka zuwa in sunka ce za su yi shawara? Nan suka zakuwa. Nan inda kike durƙushe. Su ce Malam, ƙanenka na biɗar naman ɗanmu, ya halatta? Na yi bincike, na duba abin da magabata sunka ce, na kwana biyu ban ba kowa amsa ba. Daga baya nic ce musu su ba shi, da sharaɗi guda: don ilimin da ka amfanin mutane na, in an samu a maido. Da bakina nif faɗa. In kin kawo su yanzu ba a samu komi ba, to an raba su da ƙasa shekara da shekaru a banza, kuma ni nis sa.”

Na ce, “Kawu Likita ya san da haka?”

“Ban gaya mai ba. In na gaya mai sai shi saki jiki. Ni ka tambaya tai sauran don kada shi manta ana jira.”

Mutumin da ya yi wa ƙaninsa salla ido a bushe ya sa hannun riga ya rufe fuska, ni kuma na sunkuyar da kai na bar shi. Da ya natsa na ce masa ni ba ni da girma, ba ni da kuɗi, ba wanda zai saurare ni. Ya ce shi bai san aikin jami'a ba, ba zai koya mini ba, amma ya san ba a ba ni amanar nan don ina da girma ba, an bar mini ita ne don ni ke wurin.

Washegari na koma birni na shiga ofishin shugaban tsangaya na ce ni zan tsaya. Ya ce ba zai yi mini alkawarin komai ba sai shekara guda ta gwaji. Na ce ta ishe ni in fara. Ɗalibai biyu suka ce suna tare da ni. Na fara zaman jira a ƙofar ofisoshi, kuma na gano ina da abin da Kawu ba shi da shi, wato ni ba na jin kunyar ɗaga murya. Mun koma kan gwajin da muka bari, an rufe mini sunayen garuruwan, ina dubawa daga farko. Ban sani ba ko alamar za ta tsaya. In ta tsaya za mu faɗa, in ta faɗi za mu faɗa, sannan mu nemi wata.

Allah ya jiƙan Kawu Likita, ya yafe masa zafin ransa da rowar yabonsa, ya sa wahalar da ya sha a kan mutanen da ba danginsa ba ta tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Mu da ya bari, Allah ya ba mu ƙarfin ƙarasawa.

Da na je yi wa Kawu Malam sallama a ranar da zan koma birni, ya rako ni har bakin zaure, abin da bai taɓa yi ba. Na lura yana dafa bango. Ya ce, “Kada ki yi gaggawa ki faɗi abin da ba ki tabbata ba. Amma kada ki yi nawa, ɗiyata. Ina so in rufe su da hannuna kafin a rufe ni.”